Mu Biyu a Riga Ɗaya

Rigar ledar da suka ba ni ba ta san da kai ba.
Don mutum ɗaya aka ɗinka ta,
ga mu biyu muna zufa a ciki,
ni da kai, ɗan wata bakwai.
Igiyar baya ta ƙi haɗuwa
sai da Sista Serwaa ta ƙara mata bandeji.

Tun da aka rufe Kumasi
da ƙafa nake barin Aboabo bayan asuba.
In miƙa wa soja katin aiki,
ya dubi katin, ya dubi cikin,
ya matsa gefe kamar mai ba ni haƙuri.
Shekara talatin a garin nan,
sai bana na ji kukan tsuntsu a bakin titi.

Bencin awo da ke cika har tsakar rana
yau mata huɗu ne, kowacce a kusurwarta.
Sauran fa? Littafin na hannuna, na san su.
Sahadatu mai waakye, jininta ya hau tun watan jiya.
Sau uku ina kiranta.
Ta ce, "Sista, an ce a wurinku cutar ke kwana."
Na ce ni ma nan nake wuni, da cikina.
Ta yi dariya, ta ce shinkafarta na ƙonewa.

Daren Talata aka kawo ta a pragya,
ƙafa ta fi ƙarfin silifa, ido ya juye.
Mutawakilu bai wuce ƙofa ba,
mai gadi ya nuna masa bokitin wanke hannu.
Ya wanke, ya sake wankewa har gwiwar hannu,
ko alwala za ta buɗe masa
abin da doka ta kulle.

Na ce, "Yi nishi!"
Takunkumi ya haɗiye rabin muryata.
Ba uwa a kanta, ba ya, ba mai tofa mata addu'a,
sai farare uku marasa fuska,
tururi ya rufe mana tabarau.
Ta miƙa hannu tana lalube,
hannun ya sauka a kanka,
kai kuwa ka harba.

Ta tsaya cak.
"Fuseina, ke ce?"
Ba ta sake sakin rigar ba har aka ji kuka.

Mace ce, ba ta kai kilo biyu ba.
Na leƙa taga na ɗaga wa uban babban yatsa,
ya zauna a ƙasa, a nan bakin kwata,
ya tura fuska cikin hularsa.

Da gari ya waye ta fara tari.
Aka zura mata tsinken auduga a hanci,
aka ce sakamako sai ya fito,
mu da muka taɓa ta mu koma gida mu jira.

Yau kwana huɗu ke nan.
Ina ɗakin ajiya tsakanin buhun gawayi da keken ɗinki.
Mardiya tana turo mini zanen kyanwa ta ƙasan ƙofa,
kakarta na ajiye koko da ƙosai ta ja baya,
tana faɗa wa bango, don in ji,
wai wanda ya je ɗebo wa gari ruwa
ya fara duba tulun ɗakinsa.
Ban amsa ba. Tana da gaskiya, ni ma haka.

Jibi suna, ba taro, ba maroƙi,
liman zai raɗa ta waya.
An ce sunana za a sa mata.

Waya ba ta yi ƙara ba tukuna.
Na kwanta ta hagu, yadda nake koya wa mata,
ina ƙirga motsinka zuwa goma.
Shida.
Bakwai.
Kada ka yi mini barci yanzu.